Yadda ake haɗa matacin farko na tafkin kifi da bidon man girki

Duk mai tafkin kifi a tsakar gida ko a garka a nan Yamai ya san wannan matsala. Ka saka sabon pompo cikin ruwa, yana turowa da ƙarfi, bayan ƴan kwanaki ka ga ruwan ya koma tsiyaya. In ka ciro shi sai ka tarar ganyen dogon yaro da gansakuka da kashin kifi sun liƙe masa baki, wani lokacin har da ƴaƴan karfasa matattu cikin farfela. Ɗan soson da ke zuwa tare da pompon daga shago bai kai tafin hannu ba, ƙurar garinmu kuwa ba ta wasa ba ce. Maganin abin shi ne matacin farko, wato mazubi mai huji da yawa da ake zaunar da pompon a ciki, a kewaye shi da abin da zai tare datti kafin ruwa ya kai ga farfela. Na sha haɗa shi da bido, da bokiti, da kwandon roba, kuma abu biyu na ga suna raba mai kyau da marar kyau: ruwa ya shiga a hankali ta wuri mai faɗi, sannan matacin ya zama mai sauƙin cirowa a wanke. Wanda ke da wuyar wankewa, kwana kaɗan za ka daina wanke shi.

Kayan da za ka tara

Babban abu shi ne bido mai lita 25, irin rawayan nan na man girki. A kasuwar Katako ba ka rasa shi, amma ka buɗe ka sansana kafin ka biya. Wanda aka taɓa zuba fetur, ko gazuwal, ko baƙin mai, ko maganin ƙwari na gona, bar shi inda yake ko da kyauta aka ba ka, don roba tana shan waɗannan abubuwa kuma wanki ba ya fitar da su. In babu bido, bokitin roba mai murfi na lita 20 wanda abinci ya zo a ciki zai yi. Bokitin fenti ban yarda da shi ba.

Sai ɗan kwandon roba irin na wankin kayan miya, wanda pompon zai shiga ciki, shi kuma kwandon ya shiga cikin bido. Sai buhunan raga irin na albasa ko dankalin turawa guda huɗu ko biyar, da soson wanka na raga sababbi kamar guda shida, da tsakuwa mai girman ƙwallon dabino abin da zai cika kwano biyu. Ka nemi igiyar leda mai ƙwari mita uku, da tsohon bulo ɗaya ko biyu, da tiyo daidai bakin pompon. Na aiki kuwa: wuƙa mai kaifi, guntun ƙarfen gini mai kaurin milimita 8, murhun gawayi, filaya ta riƙe ƙarfen, da wani bokiti da ka san yawan litarsa. In kana da injin huda ka huta da gawayi.

Akwai abin da kada ya shiga tafkinka ko da wasa: sange mai magani, irin wanda ake rabawa don zazzaɓin cizon sauro. Mutane da yawa suna ganin ragarsa ƙanana ce, ta dace da tacewa. Maganin da ke jikinsa, dangin deltametirin da fametirin, guba ne mai tsanani ga kifi, ɗan kaɗan ya isa ya kashe na tafki gaba ɗaya, kuma an yi shi ne yadda zai jure wanki. Tsohon sange ma kada ka amince da shi. Haka nan soson katifa da ba ka san asalinsa ba, da soson wanke-wanke da ya sha sabulu, da wayar jan ƙarfe ta ɗauri, don jan ƙarfe ma yana cutar da kifi. Soson gargajiya na tsiro ba guba ba ne, amma ruɓewa yake yi cikin ruwa ya ƙara maka dattin da kake gudu.

1. Auna tafki da ƙarfin pompo

Ka ninka tsawo da faɗi da zurfin ruwa a mita, abin da ya fito ka ninka da 1000, shi ne litar tafkinka. Tafki mai mita 3 a tsawo, 2 a faɗi, ruwa santimita 80, wato mita 0.8, yana ɗauke da lita 4800. Abin da ake so shi ne pompo ya juya ruwan tafkin duka cikin awa ɗaya zuwa biyu, don haka wannan tafki yana son pompo mai tura lita 2500 zuwa 5000 a awa. Lambar da ke jikin kwali ta lokacin da pompon ba ya ɗaga ruwa sama ce; da zarar ka sa shi ya hau mita ɗaya ko biyu, ƙarfin ya ragu.

Saboda haka ka gwada da kanka tun kafin ka haɗa mataci. Sa pompon cikin tafki tsirara, ka tara bokiti a bakin tiyo inda ruwan zai riƙa zuba, ka duba agogon waya. In bokiti mai lita 20 ya cika cikin daƙiƙa 24, pomponka yana ba ka lita 3000 a awa. Rubuta wannan lamba a bangon tafki da gawayi ko alli. Da ita za ka riƙa sanin lafiyar matacinka har abada.

Bido ɗaya yana isar pompon da bai wuce lita 4000 a awa ba. Wanda ya fi haka, ka nemi rabin tono na roba.

2. Wanke bido

Ruwan zafi da toka, ka girgiza sosai, ka zubar, ka sake. In ka sa sabulu to ka ɗauraye har sai ka daina jin santsi da ƙamshi, ka shanya shi a rana kwana biyu. Man da ya rage yana tasowa ya shimfiɗa a saman ruwa ya hana iska shiga. Buhunan raga da tsakuwa su ma ka wanke su da ruwa zalla. Jar tsakuwa ta marmara tana son haƙuri, don za ta yi ta zubar da ja. Tsakuwar gulbi mai santsi ta fi sauƙi.

3. Yanka murfi

Tsayar da bido, ka yanka shi a ƙasan kafaɗa ta gefe uku, ka bar na huɗu a manne ya zama kamar ƙyaure. Hannun bidon yana nan a saman murfin, bakinsa kuma ta nan tiyo zai fita. A gefen yankan ka ɗan fere wata ƴar hanya da wayar pompo za ta bi ba tare da murfi ya danne ta ba.

4. Huda

Nan ne yawancin masu farawa suke yin rowa. Sai mutum ya huda wuri ashirin ya ce ya isa. Ga lissafin: bakin pompo mai faɗin milimita 25 daidai yake da huji goma na milimita 8. In ka yi huji ashirin, ruwa zai riƙa kutsawa da gudu, yana jawo ganye yana manna shi a jikin bido, yana jawo ƙananan kifi, kuma kwana biyu sun toshe. In ka yi 120 zuwa 150, ruwan zai rarrabu, ya shiga a sanyaye har ɗan kifi ya wuce ta gefen bido bai ji an ja shi ba, kuma ko rabin hujin ya toshe pompo bai san an yi ba.

Sa ƙarfen a wuta ya yi zafi, ka riƙe da filaya, ka bi gefe huɗun kana hudawa, tsakanin huji da huji kamar faɗin yatsa biyu. A waje za ka yi wannan aiki, inda iska ke kaɗawa, ka juya ma hayaƙin baya, yara kuma su matsa. Hayaƙin roba ba abin shaƙa ba ne.

Kada ka huda gindin bido, kuma ka bar santimita 5 zuwa 7 daga ƙasa babu huji ko ɗaya. Wannan wurin shi ne ma'ajiyar laka. Ranar da ka jawo matacin sama, taɓon da ya kwanta zai fito tare da shi. In ka huda har ƙasa, kana ɗagawa duk abin da ka tara mako guda zai koma cikin tafki a gaban idonka.

Murfin kuwa ka yi masa huji kamar goma, musamman can ƙololuwa da jikin hannu, don iska ta samu mafita. Iskar da ta maƙale a sama ita ce ke sa bido ya ƙi nutsewa ko ya kife. Ka ƙara huji biyu a leɓen murfi da biyu a jikin bido daura da su, na ɗauri. In ka gama ka bi da wuƙa ka kankare robar da ta narke ta taru a bakin hujin, ka ɗauraye.

5. Nauyi da ɗakin pompo

Zuba tsakuwar a gindi, kaurin yatsa uku. Ita ce za ta riƙe bido a ƙasa. Kada ka wuce haka da sunan ƙarin tacewa, don kai ne za ka riƙa ɗaga shi cike da ruwa. In babu tsakuwa, tsingaron tulu ko na tukunyar ƙasa da aka gasa, irin na garin Bubon, yana yi sosai. Farfasa shi ka goge kaifin.

Cire ɗan soson nan na shago daga jikin pompo, amma ka bar murfinsa mai tsaga-tsaga. Haɗa tiyo, ka matse shi da zoben matse tiyo ko ka naɗe da robar cikin taya. Zaunar da pompon a tsakiya kan tsakuwa, ka kifa masa ɗan kwandon bayan ka yanke wurin da tiyo da waya za su fito. Amfanin kwandon shi ne kada soso ko zaren buhu ya taɓa bakin pompo. Zare ɗaya in ya naɗe farfela ya isa ya tsayar da ita. In ba ka samu kwandon da zai shiga ba, yanko ragar roba mai tauri ka naɗe ta kamar gwangwani ka ɗaure.

6. Jera kayan tacewa

Ruwa ta gefe yake shigowa ya nufi tsakiya, don haka jerin daga bango ne zuwa ciki: mai manyan ido a waje, mai ƙananan ido kusa da kwando. Mai tace gasara da rariya take farawa kafin ta kai ga ƙyalle, in ta fara da ƙyalle dusa ta toshe shi tun a ludayin farko.

Buhunan albasa su ne na waje. Ka ƙone bakin da ka yanka da ashana don kada ya warware, ka cukuikuye kowane ɗaya ka jera su jikin bango. Soson wanka su ne na ciki, kewaye da kwando, ɗaya ko biyu kuma a samansa. Kowane ɗaya ya zama dunƙule mai zaman kansa wanda za ka iya ɗauka da hannu ɗaya. Kada ka yayyanka su ƙanana, wahalar tsincewa za ta hana ka wanki.

Kada ka danna. Hannu yana son cusawa har sai wuri ya cika tam, amma matacin da aka danƙare yana shaƙe pompo, ka ji yana gurnani yana zafi, ruwan kuma ya nemi hanya ɗaya ya bi ya bar sauran soson ba aiki. In ka sa yatsa ka ji yana shiga da sauƙi, ya yi. Auduga, da tsumma, da yashi, duk ba na wannan wuri ba ne. Suna tace ruwa tas na yini ɗaya, washegari sun toshe.

Gawayi fa? Ana yawan tambayata. Gawayin girki ba irin wanda ake sarrafawa don tace ruwa ba ne, yana tasowa sama, yana zubar da baƙar ƙura. Ni ba na sa shi.

In kifinka suna haihuwa, kamar karfasa da ba ta gajiya da zuba ƴaƴa, ka lulluɓe bidon ta waje da ragar taga ta roba sabuwa, wadda ba ta da magani, ka ɗaure. Za ta riƙa toshewa da wuri, amma shafa ta da hannu kawai ake yi. Da damana ma tana hana talibambam shiga.

7. Rufewa da saukarwa

Zaro tiyo ta bakin bido, waya ta hanyarta, ka rufe murfi ka ɗaure da igiya ɗaurin zarge mai sauƙin kwancewa. Igiyar ɗagawa kada ka ɗaura ta a hannun bido kaɗai tunda murfin a yanke yake. Zagaya ta ƙarƙashin gindi ta fito ta gefe biyu, ƙarshenta ka ɗaure a wani abu a bakin tafki. Kada ka taɓa jawo mataci da wayar pompo ko da tiyo.

Ajiye tsohon bulo a ƙasan tafki ka ɗora bido a kai. Sabon bulon siminti yana sakin kaifinsa cikin ruwa, sai wanda ya sha ruwa da rana. Wannan ɗagawa ta santimita 15 zuwa 20 tana da amfani biyu. Tana raba mataci da taɓon ƙasa. Sannan in wata rana da dare tiyo ya kuɓuce yana zuba a waje, pompo ba zai iya kwashe ruwan duka ba, kifi za su samu abin da za su fake a ciki har gari ya waye.

Saukar da shi a karkace a hankali har kumfa ta daina fitowa. Ruwa ya rufe shi da aƙalla faɗin tafin hannu, ka kuma tuna cewa a Afrilu da Mayu, lokacin da zafi ke wuce digiri 40, ruwa yana raguwa kullum. Pompon cikin ruwa da ruwan yake hucewa. In ya yi aiki a bushe ƙonewa yake yi. Tafkin da ba shi da zurfi, kwantar da bido ka yanka murfin a gefen da ke kallon sama, ko ka haɗa kwandon roba biyu baki da baki da pompo a tsakiya, ka cika da soso ka ɗaure.

Wurin ajiyewa ya zama nesa da inda ruwa ke dawowa, wannan kusurwa da waccan, don ruwan tafkin duka ya motsa.

8. Wuta

Kuran ɗinmu volt 220 ne, kuma ruwa ba ya yafewa. Ka sa mai gyaran wuta ya ɗaura maka makatsin nan mai yanke wuta da kansa in ta yi yoyo, na miliampa 30. Ba a ƙara waya da salatif a kusa da tafki, balle cikin ruwa. Kowane lokaci za ka sa hannu a ruwa, zare wayar pompo tukuna, ka kuma koya ma duk mutanen gida haka.

9. Gwaji

Kunna, ka bari minti goma, ka sake gwajin bokiti. In lambar ta yi kusa da wadda ka rubuta a bango, aiki ya yi. In daƙiƙa 24 ta zama 35 tun ranar farko, ko ka danna soso da yawa, ko huji ya yi kaɗan, ko tiyo ya lanƙwashe. In kumfa na fita ta tiyo, iska ce ta maƙale, girgiza bidon.

10. Wanki

Duk ranar da lokacin cika bokiti ya ƙaru da kamar kashi ɗaya cikin uku, lokacin wanki ya yi. Ba kalanda ke faɗa ba. Da hunturu, daga Nuwamba zuwa Fabrairu, ƙura ce ke kwanciya, sai kuma dogon yaro ya fara zubar da ganye. Da bazara kifi suna ci da yawa, kashi ya yawaita, gansakuka ta yi ƙarfi. Da damana iskar da ke gaban hadari tana iya cika tafki da shara cikin rabin awa. Masu garka a bakin gulbi wajen Saga ko Gamkalle da ke ɗibar ruwan gulbin Isa su sani cewa ruwan Agusta da Satumba ja ne, cike da laka. A bar shi ya kwana cikin tono ya kwanta kafin a zuba a tafki.

Zare wuta, ɗebi ruwan tafki cikin baho, jawo mataci a hankali ka ɗora a bakin tafki. Ciro dunƙulen soson kana jijjiga su cikin bahon, ka juye taɓon gindi, ka buɗe pompo ka share farfela da tsohon buroshin haƙori.

Da ruwan tafki ake wankewa, kuma ba a wankewa fes. Dalili shi ne bayan mako huɗu zuwa shida wasu ƙwayoyin halitta masu amfani suna zama a jikin soso da tsakuwa. Su ne ke cinye amoniya da kifi ke fitarwa, wadda guba ce gare su, su mai da ita abin da ba ya cutarwa sosai, wanda tsiro ke sha kamar taki. Santsin nan mai ruwan ƙasa da kake ji a jikin soso, su ne. Ruwan famfo mai kulorin yana kashe su, haka sabulu, haka shanyawa a rana. In soso ya tsufa ka canza rabi, bayan wata guda ka canza sauran. Baƙin ruwan bahon kuma kada ka zubar a kwata, kai shi gindin zogale ko ayaba.

In wuta ta ɗauke ta daɗe, musamman da zafi, ruwan da ke kwance cikin mataci yana rasa iska ya fara ruɓa. Kafin ka sake kunnawa ciro shi ka sansana. In ka ji warin ruɓaɓɓen ƙwai, wanke shi tukuna, kada ka tura ma kifi wannan ruwa. Masu pompon hasken rana da ke tsayawa da faɗuwar rana su ma su kula: ruwan ɗumi ba ya riƙe iska kamar mai sanyi, kuma da asuba ne iskar tafki ta fi ƙaranci. In kana ganin kifi suna haki a saman ruwa da sassafe, ka nemi batir ko ka rage yawansu.

Abin da wannan mataci ba zai yi ba

Ba zai mai da koren ruwa garau ba. Abin da ke sa koren ƙanana ne ƙwarai, ta cikin soso suke wucewa. Maganinsu inuwa ce a kan rabin tafki, da rage abinci zuwa abin da kifi za su cinye cikin minti biyar, da tsiron ruwa kamar bado ko kainuwa da aka tsare a kusurwa guda. Ganye da ƴaƴan dogon yaro da ke yawo a sama kuwa, ƴar komar raga ce maganinsu kowace safiya, kafin su nutse.

Mai kiwon tarwaɗa da yawa don sayarwa, bido ba zai ɗauke masa kashinsu ba. In tafkinka a saman ƙasa aka gina shi, ka ajiye tonon roba mai lita 200 a gefe, bakinsa ya ɗara saman ruwan tafki tsawo. Jawo bututu mai faɗi daga ƙasan tafki ya shiga tonon a tsakiyar tsayinsa, ka sa masa gwiwa a ciki ta kalli gefe yadda ruwan zai riƙa zagayawa a hankali. Datti mai nauyi zai taru a tsakiyar gindi, inda za ka sa makunnin zubarwa ka riƙa buɗewa safe da yamma. Pompon, cikin ɗan kwandonsa da soso, ka rataye shi can sama a tsakiyar tonon ya mai da ruwa tafki. Da pompo mai lita 3000 a awa, ruwa yana yin minti huɗu cikin tonon, kuma wannan ya isa kashi ya kwanta. Ka tabbata bututun shigowa ya fi tiyon pompo faɗi nesa ba kusa ba, milimita 63 ko fiye, in ba haka ba pompo zai kwashe ruwan tonon kafin na tafki ya iso, ya tsaya a bushe.